Irin Geron Baba da Mutum-mutumin Cikin Manhaja

A ɗakin girkin Inna, can saman murhu inda hayaƙi ya mai da azara baƙa ƙirin, akwai wata doguwar ƙusa da ba a rataya mata komai sai irin gero. Tun ina yaro haka na gan ta. Idan kaka ta yi, kafin a fara girbi, Baba, Allah ya jiƙansa, yakan shiga gona shi kaɗai ya yi ta yawo tsakanin kunya-kunya yana zaɓen zangarniya: doguwa, mai cikakken ido, wadda ta riga 'yan'uwanta nuna. Ya ɗaure su, ya kawo gida, ya rataye a hayaƙi don kada ƙwaro ya shiga. Shi ma daga hannun mahaifinsa ya karɓi geron nan. Yana da gashi-gashi a jikin zangarniya, tsuntsu ba ya son sauka a kansa, kuma yana nuna da wuri, daidai lokacin da rumbunan mutane suka yi ƙasa. A ƙauyenmu, da ke tsakanin Makoda da Ɗambatta, ba shi da wani suna, geron gidanmu kawai ake ce masa.

Baba yana da doka ɗaya a kan irin nan. Ba a sauke shi duka a ruwan farko. Rabi ya tafi gona, rabi ya zauna a ƙusa har sai na gona ya kama ƙasa sosai.

Shekarar da nake ba da labarinta Baba ya riga ya rasu, gandu ya koma hannun Yaya, babban wanmu. Daminar da ta gabata tsutsa ta yi wa geron mummunar ɓarna, abin da Yaya ya iya zaɓa na iri ɗan ƙulli ne, bai kai rabin na zamanin Baba ba. Duk wanda ya shiga ɗakin girki ya ɗaga kai ya ga haka, ba dai mai faɗa.

Ni ne auta, kuma ni aka bari na yi boko har ƙarshe. Aikina rubuta manhaja. Bayan rasuwar Baba na tattara na baro Kano na dawo kusa da Inna, tunda aikin ba ya bukatar komai sai wuta da sabis, abubuwa biyun da ƙauyenmu ya fi talauci a kansu. Kamfanin da nake yi wa aiki ɗan ƙarami ne, mu kaɗan ne, sauran suna birni. Mun yi manhajar da ke tura wa manoma saƙon waya da Hausa, ta gaya musu abin da ake hasashe game da ruwa a yankinsu, a shuka ko a dakata. Ni da hannuna na sa lambar Yaya. Da farko dariya ya yi ta yi mini, wai injiniya ya koma ɗan duba. Amma a daminar farko saƙonnin suka yi ta dacewa, har ta kai in an zauna a ƙofar masallaci shi ke ciro waya yana karanta wa mutane, ya ƙara da cewa aikin ƙanensa ne. Wallahi na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Dole in ɗan faɗi yadda aka gina abin, in ba haka ba sauran labarin ba zai fito ba. Ɓangaren manhajar da ke yanke shawarar saƙo ba ya zuwa neman labarin ruwa da kansa. Miƙa masa majiya ake yi lokacin da aka kunna manhajar, shi kuma ya yi aiki da duk wadda aka ba shi. Sharaɗin da muka gindaya wa majiyar, wanda a wajen aiki muke kira tiret, gajere ne: in an ba ki sunan wuri da kwanan wata, ki dawo da hasashen ruwan kwanakin da ke tafe. Duk abin da ya iya cika wannan sharaɗi ya zama majiya. Kamar ruwan fartanya ne da ƙota, in ya shiga ya zauna daram an gama magana.

Majiya biyu muke da su. Ta gaskiya tana fita ta intanet ta ɗauko hasashe daga masu auna yanayi. Ɗayar kuwa ba ta zuwa ko'ina. Mun ɗura mata lissafin ruwan wata tsohuwar damina mai albarka, duk wanda ya tambaye ta shi take maimaita masa, don mu riƙa gwaji da ita. Mutum-mutumi muke ce mata, irin wanda ake kafawa a gona da tsohuwar riga.

Yaren da muke rubutu da shi kuma mai tsauri ne. Kafin manhaja ta motsa, akwai mai tantancewa, kwampaila, da ke bin duk abin da ka rubuta layi-layi. In ka sa kalma inda ake jiran lamba, ko ka miƙa abin da bai cika sharaɗi ba, ya tsaya cak ya zubo maka jan rubutu, ba lallashi ba roƙo. Mu masu wannan yare muna da girman kai, gaskiya ɗaya ce. Gani muke in abu ya wuce gaban kwampaila to ya gama haɗuwa.

Ruwan farko ya sauko mana da la'asar, bayan doguwar iska. Ba wani babba ba ne, irin ruwan nan ne da ke raba kan manoma, wasu su ce ya kai na shuka wasu su ce da saura. Da ya ɗauke, Yaya ya tsugunna a bayan gida ya tona ƙasa da hannu. Danshi ya shiga, amma bai yi nisa ba. Yana goge hannu a wando wayarsa ta yi ƙara. Ya karanta da ƙarfi don Inna ta ji daga tsakar gida: damina ta kama, ana sa ran ruwa a kai a kai, a shuka.

Tawa wayar ma ta yi ƙara, sau biyu. Layi biyu nake da su a kanta, ɗaya na yi masa rajista da ƙauyenmu, ɗaya da wani gari can kudu da Kano, don in riƙa ganin abin da mutane ke samu. Na buɗe na farko, na buɗe na biyu. Saƙo iri ɗaya ne sak, ba bambancin ko harafi. Mutanen kudu sun riga mu ruwa da nisa kowace shekara, ban taɓa ganin an ce musu abin da aka ce mana a rana ɗaya ba.

Na ce, "Yaya, don Allah ka ɗan dakata da shukar nan."

Ya juyo. "Don me?"

"Akwai abin da bai kwanta mini ba a saƙon."

"Ba ku kuka aiko ba?"

"Mu ne. Amma bari in duba."

Ya mai da wayar aljihu. Sannan ya ce zai ba ni gobe, amma jibi ba zai tsaya ba, ƙasa ba za ta riƙe danshi don injiniya yana dubawa ba. Ban raina wannan ba. Kashegari da sassafe duk maƙwabta suka fita da sungumi, gonakinmu kuwa a manne suke da juna, iyaka sai ɗan layin gamba, kowa yana ganin kowa. Yaya ya zauna a soro yana gyaran igiya da ba ta bukatar gyara, masu wucewa suna tambayarsa ko lafiya.

Ni kuma na buɗe kwamfuta. Abin da na fara dubawa shi ne wurin da ake miƙa majiya, don ko ni ma zuciyata ta raya mini mutum-mutumi. A rubuce yake ƙarara, a manhajar da ke aiki da manoma majiyar gaskiya ake kira. Na sauke ajiyar zuciya na cire wannan daga lissafi. Na koma kan sunayen wurare, ko an cakuɗa su. Lafiya lau. Na duba ko wani tsohon hasashe ne ya maƙale ake ta maimaitawa. Babu alama. Na kunna duk gwaje-gwajenmu, suka fito kore shar, ko ɗaya bai faɗi ba. Kwampaila bai ce uffan ba. Ga kuma wata mafita da ke ta yi mini raɗa a kunne: wataƙila masu auna yanayin ne suka ba da hasashe ɗaya ga yanki mai faɗi, ai yakan faru a farkon damina.

Kafin azahar batir ya mutu. Ɗan faifan sola da ke kan rufin soro bai tara komai ba, gari a lumshe yake tun safe. Na hau acaɓa zuwa Ɗambatta, na zauna a shagon masu caji a kan benci, janareta yana ruri a bayan kunnena, hayaƙinsa yana shiga ido.

A can na gane inda gizo... kai, a can na gane abin da ya ɗaure ni. Manhajar tana rubuta duk abin da take yi, amma in ta zo kan majiya sai ta ce majiya kawai. Ba ta san wace ce aka miƙa mata ba, kuma da gangan aka yi haka, wai shi ne kyawun tsarin. To sai na ce bari in tilasta wa kowace majiya ta faɗi sunanta. Na ƙara layi ɗaya a cikin tiret ɗin. Nan kwampaila ya farka. Shi da ya yi gum tun safe, sai ga shi ya zubo mini jan rubutu shafi-shafi, duk inda aka taɓa ambaton majiya a manhajar sai na je na cika masa sabon sharaɗi, har cikin tsofaffin gwaje-gwajen da ba wanda ya buɗe tun da aka rubuta su. In gyara wannan, ya nuna mini wancan. Kowane zagaye kuma tsohuwar kwamfutata sai ta yi ta nishi kafin ta gama, ni ina zaune ina kallon rana tana karkata. Na zage shi a fili, har mai shago ya leƙo ya ce, "Malam, da wa kake?"

Da la'asar ya wuce. Na kunna a kwamfutata, ta ce mutum-mutumi. Wannan bai gaya mini komai ba, don a kwamfutocinmu na aiki dama shi muke amfani da shi. Abin da nake bukata shi ne in ɗora gyaran a kan babbar na'urar da ke tura saƙo, in ji ita me za ta ce. Makullin wannan kuwa yana hannun ogan kamfaninmu shi kaɗai. Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe. Wani abokin aikinmu ya ce mini oga ya tafi ta'aziyya wani ƙauye da ba sabis, sai ya dawo.

Na isa gida gab da magariba. Yaya yana ƙofar ɗakin girki, Inna tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana tsince wake.

Ya ce, "To, injiniya. Ƙarya ce ko gaskiya?"

Na ce, "Ban gano ba tukuna."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"Yaya, ba zan ce maka ƙarya ce ba alhali ban kama ta ba. Ba kuma zan ce gaskiya ce ba."

Haka aka koya mana, kuma haka muke yi wa juna a wajen aiki. Ba ka cewa abu ya lalace sai ka iya nuna wurin da yatsa. Wanda ya ta da hankalin mutane da zato, dariya ake yi masa. Ni a ganina gaskiya nake faɗa masa tsakani da Allah. Shi kuwa abin da ya ji shi ne, ƙanensa ya hana shi shuka yini guda, ya je ya bincike abin ciki da bai, bai sami aibi ba.

Inna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ku bar rabi a ƙusa, yadda Malam yake yi." Malam take ce wa Baba har ya bar duniya.

Yaya ya ce, "Inna, rabin me? Ɗaga kai ki gani. In na raba wannan ko tsakiyar gandu ba zai kai ba. Sauran fa, in bar shi fili? In jira har geron maƙwabta ya yi kai, namu yana rarrafe, tsuntsun gari duka ya dawo kanmu? Da can Baba ba shi da mai gaya masa abin da ke tafe. Mu yanzu muna da shi." Ya nuna ni da haɓa.

Ba wauta ya yi ba, kada wani ya ce haka a gabana. Shi ke ciyar da gidan, shi ya san yawan bakunan da ke jiran geron nan ya nuna da wuri. Na ce masa ya ƙara mini ko da safiyar gobe. Ya ce danshi ya riga ya fara guduwa, ya tona ya gani. Ya shiga ɗakin girki, ya taka turmi, ya sauko da ƙullin gaba ɗaya. Inna ta ci gaba da tsintar wakenta.

Da safe na bi shi gona. Ba yadda za a yi babban wa yana shuka ƙane yana zaune a soro yana kallon waya, a garinmu ba a yin haka. Shi yana gaba yana sara da sungumi, ni da matarsa muna biye da ƙwarya, a jefa 'yan ƙwayoyi a rami, a rufe da dunduniya, a matsa gaba. Waya tana aljihuna, ina ta taɓa ta ko oga ya kira. Bai kira ba. Hantsi ya yi, rana ta take, muka kai iyakar gamba ta gabas. Na kifa ƙwaryata na buga ta a gwiwa, ba abin da ya faɗo.

Oga ya kira da yamma. Na yi masa bayani a gurguje, ya ɗora gyaran, ya ce in jira a sake kunna na'urar. Ina tsaye a kan tudun bayan makarantar firamare, nan ne kaɗai sabis ɗin intanet ke tsayawa a ƙauyenmu. Na buɗe rubutun da manhajar ke yi. Layin farko ya fito, sunan majiyar da ke magana da manoma duka.

Mutum-mutumi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa.

Da na san abin da nake nema, gano sauran bai ɗauki lokaci ba. Gaskiya ne majiyar gaskiya ake kira, kamar yadda na gani tun farko. Amma can ciki, a wani fayil dabam, inda ake haɗa ta, wani abokin aikinmu ya taɓa ƙara ɗan layi: in ta kasa samun hanya, a miƙa mutum-mutumi a madadinta. Na tuna lokacin da ya yi. Duk muna fama da yankewar sabis, aiki yana tsayawa kullum, ya kawo wannan dabara muka yi ta sa masa albarka, don ta ba mu damar aiki ko'ina, da sabis ko babu. Duk mai rubuta manhaja a ƙasar nan yana da irin wannan dabara a aljihunsa. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa layin nan zai bi manhajar har kan babbar na'ura. Cikin rani kuma masu auna yanayi suka sauya makullin shiga wajensu, ba mu lura ba tunda ba a tura saƙo da rani. Majiyar gaskiya ta buga ƙofa aka ƙi buɗe mata, mutum-mutumi ya miƙe ya tsaya a wurinta shiru, yana karanto ruwan wata shekara da ta wuce.

Na kira abokin aikin nan da ya sa layin. Ban yi masa sallama ba.

Na ce, "Ka san abin da layinka ya yi?"

Ya saurara har na gama, muryarsa ta yi sanyi. Ya ce, "Amma ai kwampaila bai yi ƙorafi ba."

Na ce, "Ƙorafin me zai yi? Sharaɗi muka ba shi, an cika masa! Mun ce a dawo da hasashe, an dawo da hasashe. Mun taɓa ce masa sai na gaskiya?"

Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Bai rama ba, wannan ya ƙara ƙona mini rai, don so nake a yi faɗa.

Gyaran bai kai a kira shi aiki ba. Na goge layin. Na sa in majiya ta kasa, manhaja ta tsaya ta yi kuka, kada ta tura wa kowa komai. Na kuma raba su yadda kwampaila ba zai ƙara yarda mutum-mutumi ya shiga manhajar manoma ba ko da an so. Oga ya samo sabon makulli. Majiyar gaskiya ta buɗe baki karo na farko a shekarar, na tambaye ta ƙauyenmu. Ta ce ba ruwa, kuma ba na kwana kaɗan ba, iyakar inda hasashenta ya kai babu komai sai rana. Muka tura wa kowa saƙon gyara da ban haƙuri. Waɗanda ba su shuka ba suka tsira.

Na sami Yaya a gona na gaya masa da bakina kafin saƙon ya riga ni. Na yi masa bayanin majiya biyu, na ga ba ya bi, na taƙaita na ce abin da ya aiko saƙon nan ba ya kallon sama, tsohon labari yake maimaitawa. Ya ce, "Wato ba kowa a ciki." Na ce ba kowa. Ya gyaɗa kai, ya ce ruwa na Allah ne, masu aunawa ma ai sukan yi kuskure. Na ce haka ne. A ranar ba abin da nake roƙo irin majiyar gaskiya ta zama maƙaryaciya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne geron ya tsiro. Da ma ya ƙi fitowa, ya kwanta a busasshiyar ƙasa ya jira, da ya tsira. Amma danshin ya ishe shi ya fasa. Gandu ya yi kore layi-layi, siriri, gwanin kyau, mutane suna wucewa suna cewa masha Allah. Ni kaɗai nake kallonsa da abin da na sani a ciki. Kullum da safe in hau tudun makaranta in tambayi majiya, kullum amsa ɗaya. Na daina gaya wa Yaya, shi ma ya daina tambaya.

Ganyen ya fara naɗewa da rana yana warwarewa da yamma. Daga baya ya daina warwarewa. Aka fita sallar roƙon ruwa a filin idi, muka je duka, har da Inna da sandarta. Hadari ya taso sau da yawa daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kwashe shi ta bar mu da yashi, yashin ya bi kunya ya binne abin da ya rage. Wata safiya na ga Yaya a tsugunne a tsakiyar gandu yana tona ramukan shuka ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ko akwai ƙwayar da ba ta fasa ba. Na je na tsugunna kusa da shi na tona nawa. Ɗan busasshen zare kawai muke samu, da ka taɓa ya karye.

Yaya ya yi yawon neman irin. Baba ya sha ba mutane, don haka Yaya ya bi gidajen da ya tuna, har ƙauyukan da ke bayan Makoda. Wani ya ce ya daɗe da cakuɗa shi da nasa. Wani ya ce sun ci da rani. Mutum biyu da suka riƙe shi tsantsa sun sami saƙon da Yaya ya samu, tunda shi ya sa su yi rajista, sun kuma shuka rana ɗaya da maƙwabtanmu. Ɗayansu bai ko ba shi wurin zama ba. Yaya ya daina zama a ƙofar masallaci bayan sallah.

Bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Abin da ya yi kawai, ya daina ce mini injiniya. Ya koma kirana auta, yadda Inna ke yi.

Ruwan gaskiya ya zo a makare. Kafin ya zo, da hantsi, muna zaune a soro ni da Yaya, wayarsa ta yi ƙara. Ya ciro, ya karanta a zuci, ya miƙo mini. Damina ta kama, ana sa ran ruwa a kai a kai, a shuka. Na riga na sani, na gani tun da safe a kan tudu, na bi shi ta kowace hanya na tabbatar.

Ya ce, "Wannan fa? Akwai mutum a ciki?"

Na ce, "Akwai. Wannan na gaskiya ne, Yaya. Na rantse maka."

Ya ce, "To madalla. Ka gyara ke nan."

Na ce na gyara.

Ya karɓi wayar ya sa a aljihu. Ya ce, "Me zan shuka?"

Ya tashi ya tura babur ya tafi kasuwar Ɗambatta, ya dawo da gero a buhun leda, irin da ba wanda ya san gonar da ya fito. Ruwa ya sauko kamar yadda saƙon ya ce, har ya yi gyara. Muka shuka, ya fito, ya yi kai a makare, tsuntsu ya ci rabonsa, muka sami abin da muka samu. Manhajar kuwa tun daga ranar ba ta sake yin irin wannan ba, har yau tana aiki, oga yana yabon gyaran da na yi a gaban baƙi.

Da kaka ta yi, kafin a fara girbi, na ga Yaya ya shiga gona shi kaɗai da igiya a kafaɗa, yana bin kunya yadda Baba yake yi. Ya daɗe a ciki. Ya kama wannan zangarniya ya duba ya saki, ya kama waccan. Da rana ta yi zafi ya fito da igiyarsa yadda ya shiga da ita.

Inna tana ɗakin girki da ya dawo. Ta dubi hannunsa, ta ci gaba da iza wuta. Bayan kwana biyu na shiga ɗebo wuta, na ɗaga kai, na ga ta rataye ludayi a ƙusar.